Wanda Ya Ga Baƙon Ɗari

Takalmin ne ya fara gaya wa Sodangi gaskiya, don a cikin mutanen gidan ba wanda ya yi niyyar faɗa masa. Silifa ne na roba, shuɗi, an ajiye shi a ƙofar ɗakin jego, an sa reza an tsaga igiyarsa ta sama don ƙafa ta samu shiga. Shi da kansa ya saya wa 'yarsa Raudatu takalmin nan a kasuwar Bagudo kafin bikinta, ya aika mata ta hannun maƙwabciya kamar ba daga gare shi ba. Ya san girman ƙafarta. Ƙafar da ya sani ba ta bukatar reza.

Ya taso da sassafe a bayan babur, da ƙafafun saniya a buhu na farfesun mai jego, ya wuce Kaoje ya gangara Tungar Ango, 'yar tunga ce da ke kallon iyakar Benin. Nan Raudatu ke aure, nan kuma ta haihu. A ƙa'ida, haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa wanka. Amma gidan Sodangi ba mace tun rasuwar matarsa Fatimata, kuma duk mai kawo masa maganar sabon aure ya daɗe da gajiya. Shi ya sa wankan ya faɗa hannun uwar miji, Inna Kubura.

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, nesa da ɗakin, yadda ya dace da uban da ya zo gidan 'yar fari. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna an damu da ita, ba a tambayar lafiyarta sai a kaikaice. Tun tana rarrafe Sodangi ke ce mata "yarinyar nan", kuma jama'a sun shaide shi da kunya. Ya zauna, ya gyara babbar riga, ya sa ido ga wani zakara da ke tono, kamar zakaran ya zo gani.

Sai ya ji tarin. Gajere ne, jiƙaƙƙe, yana ƙarewa da jan numfashi irin na mai hawan tudu da kaya. Ya san tarin nan. Ya taɓa kwana da shi a ɗaki guda.

Inna Kubura ta fito daga ɗakin tana share gumi da gefen zane, hayaƙi na bin bayanta. Doguwa ce, hannayenta sun yi kanta saboda ruwan zafi. Daga Kaoje har ƙauyukan ƙetaren iyaka, in an haihu ita ake aika wa babur. Ba muguwa ba ce, kuma abin da ya fi tayar wa Sodangi hankali ke nan. Da mugunta ce, da ya san ta inda zai ɓullo mata.

"Malam, an iso lahiya? Ya sanyin hanya?"

"Lahiya lau. Ya masu jego?"

"Muna fama. Ya taɓa ta, ba zan ɓoye maka ba. Ƙahwahu sun hau, huska ta hau. Amma na ƙara wuta, na ƙara kanwa a kunu. In sha Allahu shi zai gaji, ba ni ba."

Ba ta faɗi wanda ya taɓa ta ba, don a bakin kogi ba a kiran sunansa da safe. Baƙon Ɗari ake ce masa. Tsofaffi sun ce in sanyi ya kankama, yakan taso daga ruwa tare da farin tururin asuba, ya bi gidaje yana shinshinar ɗanyen jiki, kuma ba jikin da ya kai na mai jego ɗanyantaka. In ya shiga mace sai ta kumbura, numfashi ya gagare ta. Maganinsa a gasa jikin har ya nuna: tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi da ganye, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, kunun kanwa kwano bayan kwano, har a yi arba'in. Rana tsaka kaɗai yake tsoro, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ni da nike tsammanin mu kaɗai munka san shi," in ji Inna Kubura, ta zauna a kan turmi, "sai ga shi a talabijin ɗin ɗana Abdulnasir. Tashar can ta Faransanci, wagga da ke sa zane mai motsi lokacin bikin Kirsimeti. Wani tsoho siriri, gemu duk ƙanƙara, shina bin tagogin mutane shina hura musu iska, duk abin da ya hura sai shi yi hwari. Na ce Abdulnasir, tsaya. Wanga ai shi ne. Har Nasara sun san shi, har sun zana shi."

"Wasan yara ne, Inna," in ji Sodangi.

"To, yaran wa ya gaya musu?"

Daga ɗakin tarin ya sake tashi, ya daɗe wannan karon. Jaririyar ta yi 'yar ƙara ta yi shiru. An sa mata suna Fatimata, wai don a faranta masa.

Lokacin da tasa Fatimatar ta haifi ƙanin Raudatu, a irin wannan sanyi ne, an ƙona itacen da har maƙwabta suka riƙa yabawa. Ta kumbura, aka ƙara wuta. Ta kasa kwanciya sai a zaune, aka ƙara kanwa. Da aka kai ta asibiti daga ƙarshe, ba ta kwana biyu ba, jaririn ma bai jima ba ya bi ta. Wani likita mai furfura ya ja Sodangi gefe ya yi masa bayani a hankali: kanwa na tara ruwa a jiki, zafin ɗaki da na wanka na gajiyar da zuciya, zuciyar da haihuwa ta riga ta jigata sai ta kasa tura ruwan, ya cika ƙafafu, ya hau huhu. A wurin zaman makoki kowa cewa yake sanyi ne ya shige ta. Tun daga nan, duk majalisar da aka ambaci Baƙon Ɗari, Sodangi sai ya ce shi bai taɓa ganin baƙon da ya kashe mace ba, 'yan gida dai ya gani. Maganar ta rage masa abokai.

Ya gyara murya. "Inna, yarinyar nan asibiti ya kamata a kai ta. Yau. Kumburin nan ba sanyi ba ne, ruwa ne, kuma kanwar ce ke ƙara shi."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda kaɗaici ya taɓa.

"Malam, matan da na wanke, da za su taru, kasuwar Tsamiya ba ta ɗauke su. Ɗiyarka na riƙe ta yadda ban riƙe ɗiyan cikina ba. In hitar da ɗanyen jiki cikin wanga sanyi, a buɗe ta a kan gadon ƙarhe, hwanka na kaɗa ta? Ai na miƙa mishi ita da hannuna ke nan."

"Uwarta haka ta yi."

"Allah shi jiƙanta. Wa ya yi mata wanka? Ba ni ba ce. Wutarsu ce ba ta kai ba."

Ta faɗa ba da niyyar cin fuska ba. Ta tashi ta koma bakin murhu, inda babbar tukunya ke zaɓarɓaka, ta ƙara ice biyu.

Mijin Raudatu, Abdulnasir, yana shagonsa da ke jingine da katangar gidan ta waje. Kifi yake saye a hannun masunta ya kai birni, yana da farantin lantarki mai aiki da hasken rana a kan rufi da wata babbar firiza fara da duk tungar ke alfahari da ita. Da ya ga surukinsa sai ya durƙusa har ƙasa. Idanunsa ja wur, na wanda bai samu barci ba.

"Ka ga matarka yau?"

"Na leƙa, Baba. A zaune take kwana. In ta kwanta sai ta ce ana danne mata ƙirji."

"To mi kake jira?"

"Na yi wa Inna maganar asibiti. Ta ce in na hitar da ita kahin arba'in, ba ta yahe mini nonon da na sha ba." Ya sunkuyar da kai. "Ku ne babba, Baba. Ko za ku sa baki."

"Na sa. An mayar mini da shi."

Sodangi ya lissafa abin da ya rage masa, bai ga mai yawa ba. Zai iya shiga ɗakin ya sungumo 'yarsa da ƙarfi, mata su yi kururuwa, maza su taru su riƙe shi, a ce tsoho ya zautu, a ƙara wuta. Zai iya zuwa wurin mai gari, wanda matansa duka Inna Kubura ce ta wanke su. Zai iya komawa Bagudo ya nemo ma'aikacin lafiya, ya dawo gobe. Ya tuna yadda gobe ta yi wa Fatimata.

Abdulnasir, don ya samu abin yi, ya ce bari ya ɗebar wa Baba kifi na tafiya da shi. Ya ɗaga murfin firizar. Wani farin tururi ya taso a hankali, ya malalo ta gefe, ya sauka a kan ƙafafun Sodangi. Ciki duk ya yi farin gashi na ƙanƙara, kifaye a sandare, idanu a buɗe. Sodangi ya dubi tururin. Ya dubi bangon da firizar ke jingine da shi.

"Bayan bangon nan wane ɗaki ne?"

"Ɗakin jegon ne, Baba."

Sodangi ya sake duban bangon. Shekara da shekaru yana da abu guda da bai yarda a taɓa masa ba, cewa abin da ya kashe matarsa yana da suna, kuma sunan ba Baƙon Ɗari ba ne. Ya duba inuwar shagon a ƙasa. Ta soma gajarta.

"Je ka nemo mota. Ka ce ta zo kahin azahar. Kuma duk abin da ka ji na hwaɗa, ka rufe bakinka, ai ka iya wannan."

Ya aika aka kira Inna Kubura. Ta zo tana mita, wai ruwanta zai huce. Ya ɗaga murfin a gabanta, tururin ya sake tasowa, ya lashi hannunta. Ta ja da baya.

"Inna, kin taɓa duba cikin akwatin nan?"

"Mi zai kai ni? Na kifi ne."

"Kina wuta ta gaba, shi shina kwance ta baya. Tsakaninshi da kanta bango guda. Da can sai ya taso daga kogi, ya yi tahiya, rana ta kore shi. Yanzu ɗanki ya gina mishi ɗaki, ba rani ba damina."

Ta leƙa ciki, ta ga farin da ya lulluɓe ko'ina, irin farin ƙasar da ta gani a talabijin. Leɓenta ya motsa da addu'a. Sannan ta juyo ta kafe shi da ido, don ba yarinya ba ce.

"Malam Sodangi, kai da duk Bagudo ta san ba ka yarda da shi ba."

"Shi ya sa ya kamata ki ji tsoro."

"Ka gan shi? Da idonka?"

Daga bayan bangon, tarin ya zo, a kusa sosai, kamar a cikin shagon ake yin sa.

"Na gan shi," in ji Sodangi. "Da yaron nan ya buɗe. Siriri ne. Gemunshi ya kai nan."

Maganar ta fita sumul, bai ko yi tuntuɓe ba, abin da ya ba shi haushin kansa ke nan.

"A hitar da akwatin," in ji Inna Kubura, muryarta ta canza. "Yanzu. A kai shi bakin kogi."

"In kin rushe mishi ɗaki ina kike so shi koma? Ya san hanya, ya san ƙamshinta. Ita za a ɗauke. Da rana tsaka, lokacin da ba shi iya bin sawu. A ƙetare da ita kogi a kai ta Bagudo, in ya tashi da yamma shi tarar da gado ba kowa."

Ta shiga murza hannuwa. Ya ga tana neman ɓaraka a maganar, ya kuma san akwai su da yawa. Abin da ya taimake shi, duk tubalin da ya yi ginin da shi nata ne.

"Da ni za a tahi," ta ce. "Da tukunyata."

"Da ke za a tahi."

Motar da Abdulnasir ya samo tsohuwa ce, irin masu jigilar kaya daga iyaka, an ɗaga bayanta sama. Aka fito da Raudatu mata biyu na riƙe da ita. Sodangi ya kau da kai yadda ake yi, amma ya riga ya gani: fuskar ta cika har idanu sun shige, leɓe ya yi duhu, kowane taku sai ta tsaya ta nemi iska. Inna Kubura ta naɗe ta da bargo uku, ta lulluɓe har kanta, ta sa aka rufe gilasai ruf. Ta so a shiga da kaskon garwashi, direba ya ce ga jarkokin fetur a bayan mota, in tana so su isa lahira kafin la'asar to bismilla. Aka bar kaskon. Tukunya dai ta hau rufi.

Sodangi na gaba, Abdulnasir da uwarsa da jaririya na baya, Raudatu a tsakiya. Hanyar ramuka ce zalla. Cikin motar ya yi zafi kamar gidan burodi. Ba ya iya waiwayawa, sai ya kasa kunne. Yana jin numfashinta ta cikin barguna, ja, tsayawa, ja. Duk tsayawar da ta yi sai nasa ya tsaya.

Kafin gada suka tarar da shinge, motoci uku a gabansu, ana sauke buhuna ana soka musu ƙarfe, ana neman shinkafar fasa-ƙwauri. Sodangi ya duba rana. Ya ga Inna Kubura ma ita take dubawa, kowa da abin da yake tsoro. Da layi ya zo kansu, wani mai kaki ya leƙo, ya ga tulin barguna a kujerar baya.

"Shinkafa ce ta yi sanyi kuka rufe ta?"

"Mai jego ce, ranka shi daɗe," in ji direba.

"Jiya ma gawa aka ce mini. Buhu shida ta haifa. Buɗe."

Ya ja ƙofar da kansa, ya yaye bargon sama. Inna Kubura ta rufe jaririya da jikinta tana salati. Iskar kogi ta shigo motar, mai sanyi, mai tsabta. Raudatu ta buɗe baki ta ja ta har cikin ƙirji, ta sake ja. Mai kakin ya ga fuskar, wasan ya bar bakinsa. Ya daki rufin motar ya ce a ɗage shinge.

Suna kan gada numfashin ya canza. Ya zama ƙanana, a jere, sannan Sodangi ya daina jin sa.

"Baba," in ji Abdulnasir, "ta saki kai."

Sodangi ya juya gaba ɗaya a kan kujera, ya durƙusa a kanta, ya fizge bargunan ya watsar a ƙafafunsu. Ya murɗa gilashin gefensa ƙasa. Ya kama fuskar 'yarsa da hannu biyu, a gaban surukai, a gaban direba.

"Raudatu. Raudatu, buɗe ido. Ni ne."

Sunan ya yi masa nauyi a baki, kamar kalmar wani yare. Idanunta suka buɗe kaɗan. Ta dube shi da mamakin da ya fi ciwon ƙarfi.

"Baba, kai ne ka kira ni?"

"Ni ne. Ki yi ta mamaki, kada ki yi barci." Ya ce wa direba, ba tare da ya juya ba, "Asibiti. Ba gida ba."

Inna Kubura ta buɗe baki. Ta dubi Raudatu, ta dubi bargunan da ke ƙasa, ta rufe bakin.

A asibiti aka jingina ta da matasai, aka sa mata robar iska a hanci, aka yi mata allurar da ta sa ta yi ta fitsari har yamma. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi kwano nawa na kunun kanwa take sha a rana, da ta ji amsa sai ta ɗaga kai ta dubi silin. Tukunyar Inna Kubura ta kwana a gindin bishiya. Bayan 'yan kwanaki Sodangi ya leƙa ta taga ya tarar Raudatu na barci a kwance, a miƙe, kamar kowa. Ya koma kan benci ya zauna. Likita ya ce za ta sha magani wata da watanni, kuma a yi hattara da ciki na gaba. Amma ta tashi. Silifan da aka tsaga ya yi mata yawa, aka sayo wani.

Labarin ya riga su komawa Tungar Ango. Inna Kubura ta ba da shi a gidan suna, ta ba da shi a bakin rijiya, kuma ba ta ƙara ko kalma a kan abin da aka gaya mata ba: Baƙon Ɗari ya tare a firizar ɗanta, ita ta gudu da yarinya da rana tsaka, allurar asibiti ta ƙarasa abin da wutarta ta fara. Abdulnasir ya mayar da firizar wani shago a Kaoje. In wani ɗan boko ya yi gardama, sai a ce masa ya je Bagudo ya tambayi Malam Sodangi, mutumin da ya shekara ashirin yana ƙaryatawa har ya gani da idonsa.

Sanyin bai ƙare ba wata rana Sodangi na zaune a ƙofar gida, jikarsa na barci a ciki kusa da uwarta, sai ga wani magidanci a kan babur, ya ɗauro ice har ya fi kansa tsawo. Ya sauka ya gaishe shi da ladabi. Ya ce daga wajen Lafagu yake, matarsa ta haihu, ƙafafunta sun soma hawa, an ce Malam ne ya san kamannin abin.

Sodangi ya dubi icen. Ya ce masa ƙarya ya yi, bai ga kowa ba, ya sauke icen nan ya je ya ɗauko matarsa ya kai ta asibiti yau.

Mutumin ya yi murmushi irin na wanda ya gane. Ya ce ai an gaya masa Malam ba ya son faɗa da safe.

Sodangi ya tashi ya shiga gida. Ya fito da hularsa da takalminsa, ya ce wa mutumin ya kwance icen ya yi masa wurin zama a baya, kuma ya yi sauri, don abin ba ya jiran la'asar.